Yadda Ake Shirya Wasan Gauraye Ga Ayarin Masu Ziyarar Wuraren Tarihi

Duk wanda ya taɓa raka ɗalibai gidan tarihi ya san yadda ziyarar take ƙarewa. Jagora yana gaba yana bayani, mutum biyar ko shida da ke kusa da shi suna ji, sauran kuwa suna can baya suna hira ko ɗaukar hoto, har a fito ba su san abin da aka nuna musu ba. Wasan da zan yi bayaninsa a nan hanya ce ta sa kowa cikin ayarin ya sami aikin yi, kuma aikin ya tilasta masa duban wurin da kyau.

Fasahar da ake amfani da ita, wadda masu harkar ke kira Mixed Reality da Turanci, ko MR a taƙaice, tana gauraya abin da ido ke gani da zanen kwamfuta. Kyamarar waya ko ta wani tabarau na musamman tana ɗaukar wurin da mutum yake tsaye, sai manhaja ta ɗora zane a kansa ya zauna daram kamar a nan aka gina shi, ta yadda in mutum ya zagaya zai ga bayansa. Paul Milgram da Fumio Kishino ne suka fayyace ma'anarta a 1994, ni kuwa zan riƙa kiranta fasahar gauraye. Wasa yakan zama na tarayya idan mutane da yawa suna ganin abu guda a wuri guda, kuma abin da ɗaya ya taɓa ya canza a idon kowa. An daɗe ana gwada fasahar a wuraren tarihi. Tun wajen 2001 shirin Archeoguide ya riƙa nuna wa baƙi rusassun gine-ginen Olimpiya ta ƙasar Girka a tsaye, a lokacin mutum na goye da kwamfuta a jaka, sannan a 2021 Microsoft da ma'aikatar al'adu ta Girka suka sake tayar da gine-gine 27 na wannan wuri a kwamfuta. Zan ɗauki tsohon birnin Kano a matsayin misali, amma matakan za su yi aiki a Hasumiyar Gobarau ta Katsina ko tsohon garin Agadas.

Mataki na farko: zaɓen wuri da neman izini

A fara da wuri guda mai katanga, wanda mota ba ta ratsa shi. A Kano, Gidan Makama ya fi dacewa da gwajin farko, domin yana da zaure da ɗakuna da fili, akwai inuwa, kuma ana iya ƙirga ɗalibai a ƙofa ɗaya. Gini ne na ƙarni na 15 da tarihi ke dangantawa da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a yau yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ƙofofin birni irin su Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Mata suna jan hankali, sai dai manyan tituna ne suka ratsa su, kuma bai kamata a tsayar da yaro a bakin titi idonsa na kan waya ba. Karofin Ƙofar Mata ma haka, ramukan rini ne a buɗe a ƙasa, don haka a bar shi sai wasan ya nuna.

A nemi izini a rubuce, a bayyana abin da za a ɗauka hoto, da inda za a ajiye alamomi, da yawan mutanen da za su shigo. Idan wani sashe zai fita cikin unguwa, a je a gai da mai unguwa a yi masa bayani tun kafin a zo da kyamara. A kuma tambayi masu wurin inda ba sa so a yi wasa ko kaɗan, kamar kusa da masallaci ko kushewa. Lokacin da wasan waya na Pokémon Go ya fito a 2016, sai da gidan tarihin tunawa da kisan Yahudawa da ke Washinton da dandalin tunawa da bam na Hiroshima suka nemi a cire su daga wasan, saboda an sa su ba tare da shawararsu ba.

Mataki na biyu: tsayar da zamani da labari

Kada a ce "zamanin da" kawai, a zaɓi shekara. Ni zan zaɓi 1851, shekarar da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano a zamanin Sarki Usman, saboda ya bar bayani mai yawa game da kasuwa da rini da fatauci. Tsayar da shekara yana kare mai shiryawa daga kuskuren da malaman tarihi za su kama nan take. Alal misali, littafin Tarihin Kano ya nuna cewa wuri, wato kuɗin da, ya fara shigowa ƙasar Hausa ne a zamanin Sarki Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, saboda haka wasan da aka kafa a zamanin Rumfa ba zai yi ciniki da wuri ba, na 1851 kuwa zai yi. Haka nan Sabuwar Ƙofa ba za ta fito a taswirarsa ba, tun da a zamanin Turawa aka buɗe ta.

Labarin da nake ba da shawara shi ne na fatake. Ayari huɗu sun doso birni, ɗaya da goro daga Gwanja, ɗaya da gishirin Bilma, ɗaya da kanwa daga Barno, ɗaya da turkuɗi daga marinar karkara, kuma dole su shiga kafin Sarkin Ƙofa ya rufe ƙofa da faɗuwar rana. Wannan labari ya zo da agogonsa da kuma dalilin da zai sa ƙungiyoyin su yi magana da juna. Labari sai ya dace da mutanen wurin. Wasan REXplorer da aka yi a birnin Regensburg na Jamus a 2007 ya sa masu yawon buɗe ido suna kaɗa na'ura a iska don kiran fatalwowin mutanen da, abin da ya karɓu a can, amma ba na jin iyaye da malamai a Kano za su yarda a koya wa 'ya'yansu tarihi ta wannan hanya.

Mataki na uku: raba aiki tsakanin 'yan wasa

A nan ne wasan yake tsayawa ko ya faɗi, kuma a nan ya kamata a ɓata mafi yawan lokacin shiri. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba kowa waya. Da zarar an yi haka, mutum ashirin sun zama mutum ɗaya-ɗaya har ashirin, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai duban soro balle ɗan'uwansa. Abin da ya dace shi ne na'ura ɗaya ga kowace ƙungiya, sannan a yayyanka bayanin da ake buƙata a rarraba, ta yadda babu wanda zai iya warware tambaya shi kaɗai.

A ɗauka ɗalibai ashirin ne, an kasa su ayari huɗu, kowane ayari mutum biyar. Fataucin Hausa ya riga ya ba mu sunayen muƙaman. Jagaba shi ne mai riƙe waya, shi ke ganin abin da fasahar ta ɗora, kuma aikinsa ya faɗa wa sauran abin da ya gani. Malamin ayari yana riƙe da littafi na takarda mai ɗauke da lissafin kaya. Uban dawaki yana rataye da jaka mai kaya na gaske, wato goro ko ɗan gishiri ko guntun kanwa ko ƙyallen rini, gwargwadon kayan ayarinsa, da kuma wuri, abubuwan da hannu zai taɓa hanci ya shaƙa. Za a ƙara tafinta, wanda shi kaɗai ke da abin sauraro a kunne, yana jin muryoyin mutanen labarin. Madugu ba a ba shi komai a hannu, amma shi ke yanke shawara, kuma shi kaɗai ke da ikon ciniki da wani ayarin. A kowane zango sai a juya muƙamai, don kada yaro mafi ƙarfin hali ya riƙe wayar daga farko har ƙarshe, abin da tabbas zai faru in ba a kafa doka ba.

Ga yadda zango guda zai kasance. Ayarin goro ya tsaya gaban ɗaya daga cikin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni da ke ajiye a Gidan Makama. Jagaba ya ɗaga waya, sai ya ga ganuwa ta taso dama da hagu ta rungume ƙyauren, ga mai gadi tsaye da mashi. Tafinta ya ji mai gadin yana cewa kowane kaya zai biya wuri daidai da yawan layukan ƙusoshin da ke jikin ƙyauren. Ba waya ce za ta faɗi yawansu ba, sai uban dawaki ya matsa kusa, ba tare da ya taɓa ba, ya ƙirga da idonsa. Malam ya duba littafi ya ga kaya nawa ayarin ya ɗauko, ya ninka, madugu ya amince, sannan jagaba ya shigar da amsar. Cikin minti biyar ɗin nan, abin da aka yi ana kallon fuskar waya bai wuce minti ɗaya ba, sauran duk a kan ƙarfen gaske da bakin juna aka yi shi. A kowane zango a sa tambaya guda irin wannan, wadda amsarta ke jikin ginin: yawan bakan gizon da ke riƙe da rufin soro, ko yadda aka jera azara, ko siffar tubalin da ya bayyana inda yaɓe ya zube. A kuma gaya wa ɗalibai a fili cewa kuɗin ƙofar da ke cikin wasan ƙirƙirarsa aka yi, don kada su tafi da shi a matsayin tarihi.

Zangon ƙarshe a fili za a yi shi, ayari huɗu a haɗe. Wayoyin huɗu suna nuna ƙofa ɗaya a rufe, rana tana sunkuyawa a bayanta, kuma Sarkin Ƙofa ba zai buɗe ba sai kowane ayari ya gabatar da kaya iri huɗu, alhali kowa iri ɗaya ya zo da shi. Dole madugai su zauna su yi ciniki baki da baki, a yi tayi a yi albarka, kuma idan na ƙarshe ya biya sai ƙofar ta buɗe a wayoyin duka lokaci guda. Ban goyi bayan a ba da maki saboda sauri ba, domin gasar sauri tana sa yara gudu a cikin gini mai shekaru ɗaruruwa.

Mataki na huɗu: zaɓen na'ura

Tabarau na musamman ya fi burgewa, amma waya ko kwamfutar hannu ta fi dacewa da mu. Tabarau mai suna HoloLens 2 ya fito a 2019 a kan dala 3,500, kuma Microsoft ta daina ƙera shi a 2024. Meta Quest 3 ya fito a 2023 a kan dala 499, sai dai cajinsa wajen awa biyu yake yi, yana rufe fuskar mai sanye da shi, kuma sai an goge shi kafin a miƙa wa wani, ga wahalar ɗaura shi a kan hula ko hijabi. Waya kuwa mutum uku suna iya leƙa ta tare. Ko fadar Chambord ta Faransa kwamfutar hannu take ba baƙi, wadda ake kira HistoPad. A duba jerin wayoyin da ARCore, tsarin Google na ɗora zane a kan abin da kyamara ke gani, ke aiki a kansu kafin a saya, domin ba kowace Android ba ce take ciki, kuma a sayi iri ɗaya guda biyar, huɗu na aiki ɗaya ta ko-ta-kwana.

Mataki na biyar: gina siffofin da za a gani

Abin da yake nan a tsaye, kamar ƙyaure ko tulu, ana samun siffarsa ta hanyar ɗaukar hotuna masu yawa ana zagaya shi, kowane hoto ya maimaita kamar kashi biyu cikin uku na wanda ya gabace shi, sannan manhaja irin Meshroom, wadda kyauta ce, ko Polycam ta haɗa su. A yi ɗaukar da sassafe ko a inuwa, saboda inuwar tsakar rana takan manne a jikin siffar. Daga nan a rage nauyinta a manhajar Blender har wayar ta iya ɗauka ba tare da sarƙewa ba.

Abin da ya rushe kuwa sai an zana shi, kuma a nan ake buƙatar amana. Yawancin ƙofofin Kano an sake gina su, kuma ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134 ta zaizaye a wurare da yawa. A tattara tsofaffin hotuna, a zauna da ma'aikatan gidan tarihi, a kuma kai zanen wurin tsofaffin magina, domin su ne za su ce wannan kauri ba zai ɗauki wannan tsawo ba, ko kuma ba a ɗora zanko a irin wannan kusurwa. Abin da hoto ya tabbatar a zana shi da cikakken launi, abin da aka yi hasashe a bar shi dishi-dishi, kuma a gaya wa 'yan wasa ma'anar bambancin. Ƙa'idojin da masana suka tsara a Yarjejeniyar Landan game da zana kayan tarihi a kwamfuta sun nanata wannan batu na nuna inda hujja ta tsaya.

Mataki na shida: sa kowa ya ga abu ɗaya a wuri ɗaya

Kada a dogara da GPS. A fili ma kuskurensa a waya yakan kai mita biyar, a cikin soro kuwa ya fi haka, kuma mita biyar ta isa ta sa ƙofar wani ayari ta tsaya a cikin bango. Wayar tana gane inda take ne ta hanyar bin ɗigo-ɗigo da layukan da kyamara ke gani, bangon ƙasa mai sumul kuwa ba shi da abin kamawa, ga duhun ɗaki, don haka za a ga zane yana zamewa a hankali.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne alamar da aka buga a takarda mai kauri. Google na ba da shawarar kada ta gaza santimita 15 a kowane gefe, amma a fili gara a ninka haka. Ta kasance mai zane iri-iri marar maimaituwa, kuma marar sheƙi. Dagi da sauran adon da ɓangarorinsa suka yi kama da juna suna rikita kyamara, sai an haɗa su da rubutu ko wani zane. A kafa alamar a kan katako mai ƙafa, a shata wurin ƙafafun a ƙasa don a riƙa mayar da ita daidai, kuma kada a taɓa liƙa komai ko buga ƙusa a tsohon bango. Kowace waya ta duba alamar da ta iso zango, daga nan duka sun sami mafari ɗaya na awo. Akwai hanyar Cloud Anchors da Google ta fito da ita a 2018, wadda ba ta buƙatar takarda, amma tana buƙatar intanet mai ƙarfi a wurin.

Game da lissafin wasa, wato wane ne ya biya, wane ne bai biya ba, a sa na'ura ɗaya a hannun mai kula da wasa ta riƙe shi, sauran su haɗu da ita ta ƙaramar na'urar Wi-Fi mai batir, ba tare da data ba. Siffofi da muryoyi a zuba su cikin kowace waya tun a gida, ya zama saƙonni ƙanana kawai ke yawo. Mafi yawan masu wannan aiki da Unity, wato manhajar ƙera wasanni, suke haɗa manhajar. A umarci mai rubuta ta ya sa fuskar waya ta yi duhu da zarar an bar zango, ta rubuta "Duba gabanka", kuma idan waya ta mutu aka kunna wata, ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Mataki na bakwai: gwaji

Gwajin farko ba ya buƙatar manhaja. A zana abin da jagaba zai gani a kwali, wani ya tsaya ya karanta muryar mai gadi, a kira mutum biyar su buga wasan a wurin. A nan za a gane tambayar da ta yi tsauri, da muƙamin da mai shi ke tsaye ba aikin yi, kuma gyaran bai wuce a sake rubuta takarda ba. Sai wannan ya yi daɗi sannan a kashe kuɗi a kan manhaja. A gwaji na biyu, mutum ɗaya ya tsaya gefe da agogo yana lura da inda idanun 'yan wasa suke. In ya ga kawuna biyar sun taru a kan waya fiye da minti ɗaya, to bayanin da ke cikinta ya yi yawa, a kwashe wani a mayar littafin malam ko kunnen tafinta. Bayan kwana biyu a tambayi waɗanda suka yi gwajin abin da suka tuna game da gidan kansa. Wanda ya tuna buɗewar ƙofa amma bai tuna rufin soron da ya tsaya a ƙarƙashinsa ba ya nuna zangon da ke buƙatar gyara.

Mataki na takwas: ranar wasa da abin da ke biyo baya

A fara da hantsi a gama kafin azahar, kuma a kauce wa Juma'a, tun da Gidan Makama yana kusa da fada da babban masallaci. Wasan kada ya wuce minti 45 da zango biyar. A watannin Maris da Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40, kuma wayar da kyamararta ke kunne takan yi zafi ta rage gudu, don haka a sa zangunan a inuwa, a riƙa kashe kyamara a tsakaninsu. Da hunturu a riƙe ƙyalle mai laushi na goge ƙura daga idon kyamara. Jagoran gidan tarihi shi ya kamata ya zama Sarkin Ƙofa a zangon ƙarshe, kuma a ba shi minti goma bayan an ajiye wayoyi, domin a lokacin ne tambayoyi ke fitowa. Idan makarantar ta saba raba maza da mata, a kasa ayarin a kan haka. Manhajar kada ta karɓi suna ko hoton kowa, sunan ayari ya wadatar, domin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a tattara bayanan yaro.

Tun kafin ranar a san wanda zai riƙa cajin wayoyi, da wanda zai sake buga alamomi idan rana ta kodar da su, da inda kuɗin hakan zai fito. Kamfanoni suna rufe hidimominsu, kamar yadda Microsoft ta rufe Azure Spatial Anchors, takwarar Cloud Anchors, a Nuwamban 2024, duk manhajar da ta jingina da ita kuwa sai da aka sake mata gini. Saboda haka a ajiye ainihin hotunan da aka ɗauka, da siffofin a tsarin glTF wanda manhajoji da yawa ke buɗewa, da muryoyin, da rubutaccen bayanin hujjar kowane zane, a yi kwafi biyu, ɗaya a hannun masu shiryawa, ɗaya a miƙa wa gidan tarihin tare da takardar da ta ba su ikon amfani da shi.